Ku Tambaya Mu Amsa: Ga Rana Har Ta Yi Mana Yawa, Me Ya Hana Mu Komawa Sola Gaba Ɗaya?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan rabinsu a kan wuta ne, ban yi mamaki ba, zafi ya kankama kuma kowa fanka yake nema. Na tsinci waɗanda suka shafi batun komawar ƙasa ga makamashi mai sabuntawa, wato rana da iska da ruwa, na haɗa su wuri guda. Masu tambayar mita da bil ku yi haƙuri sai wani makon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tela ne a Sakkwato, wallahi ranar da ake yi a garin nan ko ƙwai ka ajiye a kan kwano sai ya soyu, amma kullum muna cikin duhu, ga fetur ya gagare mu. Me ya hana gwamnati ta samu fili a daji ta shimfiɗa farantan sola masu yawa kawai ta ba kowa wuta a huta? Ko dai mugunta ce kawai? (Daga wani tela, Sakkwato)

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya ƙara kasuwa. Tambayarka ita ce uwar sauran, don haka zan ɗan daɗe a kanta.

Maganar rana kam ba ka yi ƙarya ba, daga Sakkwato zuwa Maiduguri muna cikin yankunan da suka fi samun hasken rana a duniya, kuma farantin kansa ya yi araha, tsakanin 2010 da 2020 farashinsa a kasuwar duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ita wutar lantarki ba kamar gero ba ce da za ka noma da damina ka zuba a rumbu, a daƙiƙar da aka samar da ita a daƙiƙar ake shanta. Yanzu ka duba, yaushe ne ƙasar nan ta fi jan wuta? Bayan Magariba zuwa goman dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna ƙwai da fanka da talabijin da firij. Daidai lokacin da rana ta tafi kenan. Sai dai a tara ta rana a batir, kuma batirin da zai riƙe gari kamar Sakkwato dare guda ba ƙaramin kuɗi ba ne, ko a samu wata tasha ta gas ko ta ruwa da za ta karɓi aikin da zarar rana ta faɗi. Shi ya sa duk wanda ya ce maka sola kaɗai ta isa ƙasa, ka tambaye shi da daddare fa?

Na biyu kuma, wanda a ganina shi ne babba, waya. Najeriya tana da tashoshin da a takarda za su iya ba da megawat (ma'aunin ƙarfin wuta) wajen 13,000, amma abin da yake isa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. Wani sashe rashin gas ne, wani injina ne suka lalace, wani kuma layukan ne ba za su iya ɗauka ba. Babban layin ƙasa a 2024 kaɗai ya faɗi fiye da sau 10. Kuma ai ba ka manta Oktoban 2024 ba da Arewa ta yi sama da mako guda a duhu, an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan da yake biyowa ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, shikenan jihohi goma sha suka zauna suna fifita. Wutar tana nan a tashoshi, hanyar da za ta bi ta zo ce babu. To layin da yake wannan rawar, ka zo ka jona masa wutar da gajimare ɗaya zai iya rage ta rabi cikin minti biyar, sai an yi masa gyara na gaske tukuna.

Bari in ba ka labarin Kenya don ka ga ba mu kaɗai ba ne. Sun gina tashar iska a bakin tafkin Turkana mai megawat 310, a lokacin ta fi kowacce girma a Afirka, aka gama kafa injinan a 2017, amma layin kilomita 400 da wani abu da zai kai wutar cikin ƙasa bai kammala ba sai ƙarshen 2018. Fiye da shekara injina na tsaye iska na kaɗawa a banza, kuma gwamnati ta biya kamfanin diyyar wutar da ba wanda ya sha, don haka yarjejeniyar ta ce. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kuma wannan Kenya ce fa, wadda kusan kashi 90 na wutarta daga tururin ƙarƙashin ƙasa na Olkaria ne da ruwa da iska.

Na uku shi ne wa zai biya. Abin da kake cewa a yi an taɓa gwadawa. A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da hukumar NBET mai sayen wuta a madadin gwamnati, za su gina manyan tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,000, yawancinsu a nan Arewa. Aka yi ta ja-in-ja kan farashi da kuma takardar lamuni, wato in ba a biya su ba wa zai tsaya musu, shekaru suka wuce maganar ta bi ruwa. Kuma kar ka ga laifin mai kuɗi da yawa, shi lissafi yake yi: tun da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013 kuɗin da ake tarawa daga kwastoma bai taɓa kai kuɗin wutar da aka turo ba, kusan rabin masu shan wuta ba su da mita, ga masu jona ta bayan fage, ga ma'aikatun gwamnati su kansu da bashi a wuyansu. A 2025 kamfanonin samar da wuta cewa suke suna bin bashin naira tiriliyan 4. Kai in kai ne za ka ɗinka wa wanda tela biyar ke binsa kuɗin ɗinki?

Ba wai ba a yi komai ba. Akwai ta Kumbotso a Kano mai megawat 10 da Buhari ya buɗe a Janairun 2023, akwai ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 tun 2019. Amma ka ɗora 10 a gefen dubunnan da ake nema ka gani. Akwai kuma ta iska a Lambar Rimi ta jihar Katsina, ita ma megawat 10, wadda ta ci sama da shekara goma ana fama, har a Disamban 2012 'yan bindiga suka ɗauke wani injiniya Bafaranshe da ke aikin, abu ya tsaya cik. Tsaro kenan, abu na huɗu da ban ma lissafa ba, ka shimfiɗa dukiyar biliyoyi a daji wa zai kwana yana gadinta.

Mugunta da cin amana akwai su, ban wanke kowa ba. Amma ko yau aka kawo waliyyi aka ba shi ministan lantarki, dare da waya da bashi suna nan suna jiransa a ofis.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa Malam. Mu a nan Maraɗi mun ji jiki lokacin da aka yanke mana kura daga Najeriya. Shin ba wannan ne dalilin da ya kamata Nijar ta rungumi hasken rana ta daina dogaro da kowa ba? (Wani ɗan kasuwa, Maraɗi)

AMSA: Ina amsawa Alhaji, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Masu karatu na wannan ɓangaren, kura a bakin 'yan Nijar wutar lantarki ce, kar wani ya zaci ta daji aka yanke.

Gaskiyarka. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kusan kashi 70 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da wanda ya biyo ta Katsina zuwa Gazawa, farkon Agusta aka kashe makunni saboda takunkumin ECOWAS, sai Maris 2024 aka mayar. Abin da ya ɗan share wa Yamai hawaye a lokacin har da tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da aka buɗe a Yulin 2023, ga ta Malbaza mai 7 tun 2018. Amma ka lura da abu biyu. Da rana take taimako, da dare injinan gazuwal ne ke ruri kuma gazuwal kuɗi ne. Sannan ita Gorou Bandar da kuɗin Tarayyar Turai da Faransa aka gina ta, wato ka bar dogaro da maƙwabci wajen wuta ka koma dogaro da na nesa wajen jari. Madatsar Kandaji a kan kogin Kwara mai megawat 130 ita ce za ta iya riƙe dare, kuma ka fi ni sanin shekarun da aka yi ana jiranta. Ni abin da nake gani, ƙasa mai faɗi da garuruwa a warwatse kamar Nijar ƙananan tashoshi gari-gari sun fi mata sauri da araha fiye da jan waya ɗaruruwan kilomita cikin rairayi, amma Yamai da Maraɗi da Damagaram dole sai babban layi, kuma babban layi ya fi lafiya in yana haɗe da na maƙwabta. A gyara zumunci kawai.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne kuma gaskiya ina da shakku a kan wannan magana. Turawa sun ƙona kwal da fetur shekara ɗari biyu sun gina ƙasashensu, yanzu da mu za mu ci moriyar namu sai su ce a daina. Wannan ba makirci ba ne don a hana mu tashi? Kuma in aka daina sayen mai da me Najeriya za ta biya albashi? (Ɗalibi daga Samaru, Zariya)

AMSA: Ɗana, rabin maganarka na sa hannu, rabin kuma za mu yi gardama.

Inda na yarda da kai: duk Afirka hayaƙi mai ɗumama duniya da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. A taron sauyin yanayi na Copenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba su cika ba sai 2022, kuma da yawa daga ciki bashi ne ba kyauta ba. Da Rasha ta rufe famfon gas a 2022 Jamus da kanta ta sake tayar da tashoshin kwal da ta jingine, Turai ta bazo Afirka neman gas, alhali jiya-jiya bankunansu ke cewa ba za su ƙara sa kuɗi a aikin gas a nan ba. Wanda ya ga wannan ya ce akwai fuska biyu bai yi ƙazafi ba.

Ka duba Afirka ta Kudu. Kusan kashi 80 na wutarsu kwal ne. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 aka yi musu alkawarin dala biliyan 8.5 su fara barin kwal, da aka buɗe ƙunshin sai ga shi mafi yawa rance ne, a 2025 kuma Amurka ta zare hannunta. Sun rufe tashar kwal ta Komati a Oktoban 2022, garin da ke kewaye da ita wanda cinsa da shansa a jikin tashar yake ya shiga wani hali, ayyukan da aka ce za su maye gurbi suka yi ta jan ƙafa, daga baya gwamnati ta ɗage rufe wasu tashoshin don ƙasar na fama da ɗauke wuta. Wannan darasi ne gare mu, don mu namu Komatin ba gari ɗaya ba ne, baitulmalin ƙasa ne gaba ɗaya. Mafi yawan dalar da ke shigowa daga ɗanyen mai da gas ne, kason da jihohi ke zuwa karɓa Abuja duk wata a nan ya dogara, albashin malaminka ma haka.

Inda za mu yi gardama kuwa: sauyin yanayi ba Bature ne zai fara shan wahalarsa ba, manomin Yobe ne da mai kiwon Sakkwato da mutanen Maiduguri da ruwa ya ci a Satumban 2024. Sannan ko ka yarda ko ba ka yarda ba, mai sayen manka shi ne yake canza ra'ayi, Sin kaɗai yanzu kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa a cikinta masu caji ne. In mai saye ya rage zuwa ba ruwansa da ko kai ka ce makirci ne. Kuma abu na ƙarshe, su can suna sauya wutar da suke da ita ne da wata, mu kuwa mutum wajen miliyan 85 ba su ma da ita a ƙiyasin Bankin Duniya, to wanda ke ƙauyen da waya ba za ta kai ba nan da shekara ashirin in ka kawo masa sola me ka raba shi da shi, aci-bal-bal?

Shi tsarin sauya makamashi da gwamnati ta ƙaddamar a Agustan 2022, bayan Buhari ya yi alkawari a Glasgow cewa zuwa 2060 hayaƙin da muke fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba, bai ce a rufe gas gobe ba, ya ɗauke shi a matsayin gada, shi ya sa ake ta maganar bututun gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano. Matsalar tsarin a wajen kuɗi take, an ƙiyasta ƙarin dala biliyan 410 zuwa 2060, kusan biliyan 10 duk shekara. Ka je ka duba kasafin ma'aikatar lantarki ka kwatanta, aikin gida kenan na ba ka.

Af, kar ka ɗauka masu kuɗin ma sauƙi suka samu. Jamus fiye da rabin wutarta yanzu daga iska da rana da makamantansu ne, amma iskar tana arewa masana'antu suna kudu, layin SuedLink mai kilomita wajen 700 da ya kamata ya gama a 2022 an ɗaga shi zuwa 2028, saboda mutanen garuruwa sun ce ba sa son turakun a bayan gidajensu sai da aka koma binne wayar a ƙasa da tsada ninki. Har suna da kalma ta musamman ta kwanakin hunturu da babu rana babu iska. Waya da dare dai, ko'ina ka je su ne.

TAMBAYA: Malam don Allah a taimaka min. Na ci adashe na haɗa da kuɗin awakina na sa sola a gida saboda sana'ar ƙanƙara da zoɓo, faranti huɗu da batir biyu. Shekara biyu ba ta cika ba yanzu ƙarfe taran dare komai ya mutu, wanda ya haɗa min kuma ya daina ɗaga waya. Yaudara ce solar ko ni aka cuta? (Uwargida daga Gombe)

AMSA: Allah ya mayar da alheri Hajiya, ba ke kaɗai ba ce, irin wannan saƙon ina samunsa kusan kullum. Ni kaina an taɓa yi min, wani ya sayar min da faranti an rubuta wat 300 a bayansa, da muka auna da tsakar rana ko 200 bai kai ba, takardar kawai aka liƙa.

Solar ba yaudara ba ce, lissafin ne aka ƙi yi miki. Batirin ruwa irin dogon nan mai 220Ah yana ɗaukar wuta kusan yunit biyu da rabi, amma ƙa'ida rabi kawai ake sha a bar rabi, in ana tatse shi har ƙasa kullum to ransa ake ci. Kenan batir biyunki yunit biyu da rabi za su ba ki duk dare. Firiza da fankoki biyu da ƙwai da talabijin daga Magariba zuwa Asuba sun fi haka nesa. Wanda ya haɗa miki ya san wannan, amma da ya gaya miki gaskiyar kuɗin ƙila ki fasa, sai ya yi shiru ya karɓi nasa. Ƙari a kan haka zafi na kashe batir da wuri, in a ɗakin da ba iska aka ajiye shi ko ba a duba ruwansa to shekara biyun ma ya yi ƙoƙari. Shi ma farantin, abin da mutane ba su sani ba, haske yake so ba zafi ba, in ya yi zafi sosai ƙarfinsa raguwa yake, ga ƙurar hunturu in ta kwanta a kai.

Abin yi yanzu: ki samu wani mai gyara da aka shaide shi ya auna batiran da farantan ɗaya bayan ɗaya a gabanki. Firizar ki riƙa kunna ta daga hantsi zuwa La'asar lokacin da rana ke ciyar da ita kai tsaye, ƙanƙara ta kama, da yamma a kashe a daina yawan buɗewa. Yara su riƙa wanke farantan da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi, ba da tsakar rana ba. In Allah ya hore a gaba, batirin litiyam ya fi tsada amma yana iya kai shekara goma kuma ana shan kusan dukkansa.

Kuma masu karatu ku lura, matsalar Hajiya matsalar ƙasa ce a ƙaramin faifai. Kayan nan duk da dala ake shigo da su, fiye da kashi 80 na farantan duniya a Sin ake yi, dala kuwa daga naira 460 a Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024, arahar da aka samu a kasuwar duniya canji ya cinye ta kafin ta iso Sabon Gari. Banki in zai ba ka rance kuɗin ruwa wajen kashi 30. Ita kuma sola duk kuɗinta a ranar farko ake biya, janareta kuwa ka saya da araha ya riƙa yankarka lita-lita, shi ya sa talaka ke ƙarewa a wanda ya fi tsada. Ga rashin masu duba ingancin kaya, ga duk yaron da ya iya riƙe filaya ya zama injiniya. Sannan tsohon batirin nan Hajiya, don Allah kar a bar shi a tsakar gida kuma kar a bari yara su fasa, dalma ce a ciki, ita ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinare ta fito. Miliyoyin batira muke shigowa da su ba mu tanadi inda za su ƙare ba, sai 'yan jari-bola su fasa su zubar da ruwan a kwata.

TAMBAYA: Me ya sa ba za a ƙara gina dam ba tunda shi dare da rana yake aiki? Ina labarin Mambilla? (Ta saƙon waya, daga Jalingo)

AMSA: Dam ɗin Mambilla na jihar Taraba tun ina saurayi ake cewa an kusa, yanzu ga furfura. Megawat 3,050 a takarda, shari'a da rikicin kwangila a ƙasa. Dam yana da kyau kuma shi ne abokin sola na gaskiya, a riƙe ruwa da rana a sake shi da dare. Muna da Kainji tun 1968, Jebba, Shiroro, ga Zungeru mai megawat 700 da ta shigo kwanan nan. Amma shi ma ruwan sama yake jira, a 2024 fari ya sa tafkin Kariba ya ja baya har Zambiya ta koma samun wuta awa uku a rana a wasu wuraren. Kuma kowane dam garuruwa yake tayarwa, ka tambayi mutanen tsohuwar Bussa da ruwan Kainji ya tayar.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Kullum maganar wuta ake, mu kuwa matan karkara itace ne matsalarmu, daji ya ƙare, gawayi ya yi tsada, gas kuma mun saya mun ajiye silinda ta zama kujera. Mu muna cikin lissafin kuwa? ('Yarka daga Ɓaɓura, Jigawa)

AMSA: Lafiya lau 'yata, kuma kin fi duk mazan da suka rubuto hangen nesa. A takarda kuna ciki, girki yana cikin fannoni biyar na tsarin 2022 tare da lantarki da sufuri da masana'antu da harkar mai. A zahiri kuwa shi aka fi mantawa, don ba a yanka kintinkiri a kan murhu. Alhali in aka auna duk makamashin da ƙasar nan ke ƙonawa, itace da gawayi sun fi kowane yawa, sun fi fetur sun fi lantarki, kuma hayaƙinsu a ƙirjin mata da goyonsu yake sauka. Sola ta gida ba ta girki, risho na lantarki ɗaya yana jan wat 1,000 zuwa 2,000, ya fi ƙarfin abin da yawancin gidaje suka haɗa. Don haka gas ne mafita ta kusa, shi kuma farashinsa na bin dala duk da a nan ake haƙo shi, har ana ƙona wani a banza a Neja Delta. Kafin a gyara wannan, murhun nan mai rufi da ke rage cin itace ya fi duwatsu uku nesa ba kusa ba, kuma a fito da girki waje ko a buɗe taga. Silindar kuma a daina zama a kanta.

TAMBAYA: Malam na ji an ware naira biliyan 10 a sa sola a fadar shugaban ƙasa. In su ma sun gudu daga NEPA mu ina za mu? (Mai walda, Kakuri, Kaduna)

AMSA: Haka ne Malam, a kasafin 2025 aka sa. Dariya na fara yi sannan na yi shiru, don tambayarka ta taɓo abin da ya fi damuna a duk wannan harka.

Sauyin da ake ta taro a kansa a otal-otal na Abuja ya riga ya fara, amma ba gwamnati ke yinsa ba, rufin gida-gida ake yinsa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit, duk mai hali ya hau kwano, bankuna, asibitocin kuɗi, gidajen mai, manyan gidaje, har masallatan unguwa. Ta wani ɓangaren abin murna ne. Amma waɗannan su ne kwastomomin da ke biyan bil mai kauri a kan lokaci. In suka zare, kuɗin gyaran taransifoma da waya da albashin ma'aikata yana nan bai ragu ba, sai a raba shi a kan waɗanda suka rage, wato kai da ba ka da miliyoyin da za ka sayi abin da zai ɗauki injin walda. Wuta ta ƙara tsada ta ƙara lalacewa, wasu su ƙara guduwa, haka dai. Pakistan na cikin wannan halin yanzu haka, sun shigo da farantai na megawat dubbai cikin shekara guda, kamfanonin wutarsu na kuka.

Akwai abubuwan da nake sa wa ido. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi dama su yi kasuwar wutarsu da kansu, wasu sun karɓa, saura mu ga wace jiha ce za ta yi aiki da ita ba kafa hukuma da raba muƙamai kawai ba. Akwai shirin DARES na dala miliyan 750 daga Bankin Duniya a hannun hukumar REA mai kai wuta karkara, wanda aka ce zai kai ga mutum miliyan 17.5 ta ƙananan tashoshi da solar gida. Irinku masu sana'a da ke wuri guda kuwa, abin da aka yi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2018 shi ne ya fi kama da ku, kamfani ya kafa sola ya ja wa shaguna waya kowa da mitarsa yana biyan abin da ya sha. Aikinku da rana ne, ba ku buƙatar batir mai yawa, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi tsada. Sai dai injin walda yana fizgar wuta da ƙarfi, dole a kawo inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar sola irin ta gida, mai ɗaukar wannan, kuma ƙananan injinan walda na zamani sun fi tsohon mai nannaɗen waya sauƙin ci sosai. Ku zauna a ƙungiyance ku rubuta injin kowa da awannin aikinsa da abin da yake kashewa a dizal duk wata, in kun haɗa ku turo min ta adireshin mujalla in duba muku lissafin kafin ku zauna da kowane kamfani.